Sylvia Porter: Matar da Ta Shekara Hamsin Tana Warware wa Talakan Amurka Takardar Haraji

Waɗanda shirin tarihi na wannan mako ya wuce su, ko suna bisa hanya da kaya, ko suna daji bayan bisashe inda rediyo ba ya kamawa sosai, ga abin da muka tattauna a rubuce. Wanda ya iya karatu, don Allah ya karanta wa na kusa da shi.

Tafiyar yau mai nisa ce, Amurka za mu. Amma kafin mu tashi, bari in yi maka tambaya ɗaya, ɗan uwa. Sau nawa aka miƙo maka takarda a bakin kara ko a shingen duwan, aka ce biya kaza, ka biya, ka ninke takardar ka jefa aljihu, alhali ba ka san abin da aka rubuta a cikinta ba? To, wannan ciwo ba mu kaɗai ya taɓa kamawa ba. An yi lokacin da miliyoyin Amurkawa, masu ilmin boko kuwa, suka riƙe takardar haraji suna jujjuya ta kamar laya. A lokacin ne wata mata mai suna Sylvia Porter ta mai da yi musu bayani sana'arta, ta kuma riƙe ta fiye da shekara hamsin.

Asarar da ta buɗe mata ido

An haifi Sylvia ranar 18 ga watan Yuni na 1913 a wani gari da ake kira Patchogue, cikin jihar New York. Iyayenta Yahudawa ne da suka yi hijira daga Rasha. Mahaifinta likita ne, ya rasu tana da shekara 12, ya bar uwar da riƙon gida. Uwar ta kama sana'a, ta tara ɗan abin da ta tara, sai ta yi abin da jama'a da yawa suke yi a Amurka a shekarun nan: ta zuba kuɗin a kasuwar hannun jari.

Me ake nufi da hannun jari? Ka ɗauka kamar garke ne babba, aka kasa mallakarsa kashi dubu, kowa ya sayi kashin da ya ga zai iya. In garken ya yi albarka, kashinka ya yi tsada. In annoba ta faɗa masa, kashinka ya zube. Abin da ya ƙara dagula lamarin a wancan zamani shi ne, mutum kan ba da ɗan kafin alƙalami, wani lokaci kashi 10 cikin ɗari kacal, sauran kuɗin dillali ya ranta masa. Muddin farashi na hawa, kowa na murna. Ranar da ya juyo ƙasa, dillali ya nemi kuɗinsa, babu, sai a sayar da kashin mutum a wulaƙance.

Haka ta faru a watan Oktoba na 1929. Kasuwar New York ta rufta. Uwar Sylvia ta yi asarar wajen dala dubu 30, dalar Amurka fa nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Daga 1930 zuwa 1933 bankuna kusan dubu tara suka durƙushe da ajiyar mutane a ciki, kuma a 1933 ma'aikaci ɗaya cikin huɗu ba shi da aikin yi.

Lokacin Sylvia tana karatu a kwalejin Hunter, harkar adabi da tarihi ta sa gaba. Da ta ga abin da ya sami uwarta, kuma ba wanda ya iya gaya musu dalla-dalla yadda kuɗin suka salwanta, sai ta sauya, ta koma nazarin tattalin arziki. Ta gama a 1932 da sakamako mai kyau, ta kama aiki wurin masu ba mutane shawara kan zuba jari. A nan ta ƙware kan takardun bashin gwamnati, wato takardar da gwamnati ke ba ka in ta ranci kuɗinka, da alkawarin ranar biya.

Sunan da aka ɓoye

A 1935 ta fara rubutu a jaridar New York Post. Sunan mijinta na fari, Porter, shi ta ɗauka. Amma masu jaridar sun ga cewa ba namijin da zai karɓi shawarar kuɗi daga bakin mace, sai aka riƙa sa haruffa biyu a gaban sunan: S. F. Porter. Masu karatu suna aiko da wasiƙu suna zaton wani dattijon banki suke rubuta wa, alhali yarinya ce ƴar shekara ashirin da ƴan kai. A 1938 aka ba ta shugabancin shafin kuɗi na jaridar, tana rubutu kullum. A 1939 ta fitar da littafinta na farko, kan takardun bashin gwamnati. Sai a 1942 aka bayyana cikakken sunanta, jama'a suka san mace ce. Sammai bai faɗo ba. Masu karatunta ma ƙaruwa suka yi.

Kuma ba mai tsoron manya ba ce. Da ta soki yadda gwamnati ke sayen azurfa da tsada don faranta wa masu haƙar ta rai, wani sanata daga jihar Colorado, inda ake haƙar azurfar, mai suna Edwin Johnson, ya fito fili ya kira ta babbar maƙaryaciya. Ba ta janye ba.

Shekarar da haraji ya sauko kan talaka

Nan ne zuciyar labarin, sai a kasa kunne.

Harajin da ake ɗora wa mutum bisa abin da ya samu a shekara ya kafu a Amurka a 1913, shekarar da aka haifi Sylvia, bayan an yi wa tsarin mulkin ƙasar gyara na 16. Da farko na masu hannu da shuni ne. Wanda bai samu dala 3,000 a shekara ba, ba ruwansa, kuma yawancin mutane ba su kai nan ba. Wanda ya wuce, kashi 1 cikin ɗari ne ya fara biya, mafi tsanani kuwa kashi 7. Talaka jin labarinsa kawai yake yi.

Yaƙin Duniya na Biyu ya sauya komai. Amurka ta shiga yaƙin a watan Disamba na 1941, gwamnati na neman kuɗi ido rufe. Dokar 1942 ta sauko da iyakar har zuwa dala 500 ga marar aure, dala 1,200 ga ma'aurata. Masu biyan harajin da ba su wuce miliyan huɗu ba a 1939 suka haura miliyan arba'in a 1945. Direba, makaniki, mai aikin masaƙa, ƙaramin manomi, duk suka shigo. A 1943 aka ƙara wata doka: mai ba ka aiki shi zai cire harajin daga albashinka tun kafin ya shigo hannunka, ya miƙa wa gwamnati.

To ga inda gizo ke saƙa. Tsarin nasu ba irin na jangali ba ne, inda ake zuwa a ƙirga maka shanu a gaya maka abin da za ka biya. A can, kai da kanka za ka cike takarda sau ɗaya a shekara, ka rubuta abin da ka samu, ka cire abin da doka ta yarda ka cire, ka yi lissafin abin da ake bin ka, ka sa hannu. In ka rage, tara na jiran ka. In an cire maka fiye da ƙima daga albashi, za a mayar maka, amma sai ka cike takardar ka nema. Attajiri yana da lauya da akanta. Talaka kuwa shi da fensir ne a kan teburin cin abinci, da takarda mai harshen da ko mai digiri sai ya karanta sau uku. Ranar ƙarshe ta miƙa takardar 15 ga Maris ce, daga 1955 aka mayar da ita 15 ga Afrilu, kuma har gobe wannan rana ce Amurkawa ke fargaba.

Ita kanta gwamnati ta san jama'a ba su gane ba. Har ma'aikatar kuɗi, ƙarƙashin Henry Morgenthau, ta sa kamfanin Disney ya shirya fim na zane a 1942, aka nuna agwagwar nan Donald Duck tana cike takardar haraji. Amma ka san gwamnati: za ta koya maka yadda za ka biya da sauri. Yadda za ka kauce wa biyan abin da ba a bin ka, wannan sai ka samu wani ya gaya maka.

Wannan giɓi ne marubuta suka shiga. Wani akanta mai suna J. K. Lasser ya riga ya fara fitar da littafin jagoran haraji, ana sabunta shi duk shekara. Shi da Sylvia suka haɗa hannu suka rubuta littafi a 1948 kan yadda mutum zai rayu daidai samunsa, suka ƙara wani a 1953. Daga 1947 aka fara buga rubutun Sylvia a jaridun wasu garuruwa, abu ya yi ta bunƙasa har ya kai jaridu wajen 450, da masu karatu da aka ƙiyasta sun kai miliyan 40. A 1960 mujallar Time ta sa hotonta a bango. Daga farkon shekarun 1960 ta riƙa fitar da nata jagoran harajin duk shekara.

Me take gaya musu?

Dabararta ba ta da wuya a faɗa, a yi ne da wuya. Takan ɗauki doka ko jawabin wani babban jami'i, ta karanta har ƙarshe, ta tuɓe masa manyan kalmomi, sannan ta dubi mai karatu ta ce masa ga abin da wannan zai yi wa aljihunka. Ta tsani yaren da masana ke yi don a ce sun sani, tana yawan zolayar su a kai. Bari in kawo irin darussan da ake samu a wannan fage, amma da misalai na kaina, don mu fi ganewa.

Na farko, harajin mataki-mataki. Mutane da yawa suna tsoron in samunsu ya ƙaru har ya tsallaka wani mataki, duk kuɗin za a yi wa sabon kuɗin haraji. Ba haka ba ne. A ce doka ta yafe dubu ɗari na farko, ta sa kashi 10 a kan abin da ya haura. Wanda ya samu dubu ɗari da ashirin, a kan ashirin ɗin nan kawai zai biya, wato dubu biyu. Wanda bai san haka ba, sai ya ƙi ƙarin aiki don tsoro, ko a karɓi dubu goma sha biyu a hannunsa ya yi godiya.

Na biyu, abin da doka ta yarda a cire kafin lissafi. A Amurka tun 1942 an yarda mutum ya cire wani ɓangare na kuɗin magani in ya yi yawa, a 1944 kuma aka kawo wani rangwame na bai ɗaya ga wanda ba ya son dogon lissafi. Amma duk abin da za ka ce ka kashe, sai da shaida. Shi ya sa marubutan haraji ba sa gajiya da cewa a adana rasit. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin wannan: in ka sayi bijimi, ka biya mota, ka biya dusa, ka biya la'ada, kuɗin da aka ƙirga maka ranar sayarwa ba duka ne riba ba. Wanda ba shi da rubutu, ba ya iya nuna bambancin uwar kuɗi da riba, ko ga jami'i, ko ga kansa.

Na uku, sayen kaya bashi ana biya wata-wata. Bayan yaƙi Amurkawa sun rungumi wannan, mota, firji, talabijin, duk a kan bashi. Mai kanti ya ce maka ƙarin kashi 6 ne kawai a shekara. Ka ɗauki ɗari, za ka biya ɗari da shida cikin wata goma sha biyu. Amma lura: tun watan farko ka fara mayar da kuɗin, zuwa tsakiyar shekara rabinsu kawai ke hannunka, ga shi kuwa shidan nan a kan ɗari cur aka lissafa ta. In aka yi lissafin gaskiya, ƙarin ya kusa kashi 11. Sai a 1968 Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa masu ba da bashi su rubuta ainihin kuɗin ruwan na shekara a fili. Mu da addini ya riga ya gargaɗe mu kan riba, sanin wannan lissafi yana taimaka mana mu gane ta ko da an sauya mata suna.

Na huɗu, tsadar kaya. Kuɗin da ka ɗaure a tsumma suna nan yadda ka bar su a ƙirga, amma abin da za su saya yana raguwa. Wannan kam makiyayi ba ya bukatar a koya masa, shi ya sa ya fi yarda da karsana.

A 1975 ta tattara irin waɗannan a littafi guda mai shafi sama da dubu, Sylvia Porter's Money Book, daga neman aiki, sayen gida, inshora, kuɗin makaranta, har zuwa gado da kuɗin jana'iza. An sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya.

Inda ta yi tuntuɓe

Tarihi ba kirari ba ne, dole mu faɗi ɗaya gefen.

Shugabannin Amurka sun riƙa neman shawararta. Shugaba Lyndon Johnson ya yi mata tayin shugabancin bankin gwamnati mai tallafa wa fitar da kaya ƙasashen waje, ta ƙi, ta zaɓi alƙalaminta. Amma a 1974, da tsadar kaya ta haura kashi 10 cikin ɗari, Shugaba Gerald Ford ya ƙaddamar da wani gangami na yaƙi da tsada, ya ɗora ta a kan kwamitin jama'a na gangamin, ta karɓa. Aka buga jajayen bajoji aka raba, aka ce wa mutane su rage kashe kuɗi, su kashe fitila, su shuka kayan miya a bayan gida. Jama'a suka mai da abin abin dariya, don sun san ba su suka ninka farashin man fetur a 1973 ba, ba su ke buga kuɗi ba. Cikin ƴan watanni gangamin ya mutu. Matar da ta saba tsayawa a gefen mai biya tana fassara masa maganar hukuma, ga ta yau a gefen hukuma tana gaya wa mai biya ya ƙara ɗaure ciki.

Abu na biyu, sunanta ya zama haja. Ta yi arziki, ta yi nisa da rayuwar mai ƙirga kwabo. Aikin ya yi yawa har ya zama wasu ne ke rubuta kaso mai yawa, a sa sunanta a kai. Tracy Lucht, wadda ta rubuta tarihin rayuwarta a 2013, ta yi bayanin haka. A 1978 ta bar New York Post bayan shekara 43, ta koma Daily News. A shekarun 1980 ta kafa mujalla da sunanta, amma bayan kasuwar hannun jari ta sake ruftawa a watan Oktoba na 1987, mujallar ba ta daɗe ba ta tsaya. Sylvia ta mutu ranar 5 ga Yuni 1991, tana da shekara 77, sakamakon ciwon huhu. Duk da tuntuɓen, kafin ita shafin kuɗi na jarida na masu banki ne da dillalan jari. Bayanta, da wuya ka ga babbar jarida a Amurka da ba ta da mai yi wa talaka bayanin kuɗinsa.

Mu kuma fa?

Wani zai ce, Malam, ina ruwan mai kora shanu daga Tawa zuwa Illela da wata Ba'amurkiya? Dokokinsu daban, namu daban, gaskiya ne, kuma kada wani ya ɗauki lissafin Amurka ya je yana gardama da shi a shinge. Abin da ya haɗa mu ɗaya ne: duk ranar da hukuma ta taɓa kuɗi, wanda bayani bai kai gare shi ba shi ke ɗaukar asara mafi nauyi.

Mun gani da idonmu. A watan Afrilu na 1984 Nijeriya ta sauya launin naira ta rufe iyakoki, aka ba da ƴan kwanaki na canji; da yawa daga masu naira a wannan gefe da cikin rugage sun tashi da takardun banza. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, faran ɗin Faransa da ke sefa 50 ya koma 100. Wanda ya ba da kaya bashi jiya, yau rabin ƙima ya karɓa in zai sake saro kayan waje. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakar Nijeriya har zuwa Disamba na 2020. A ƙarshen 2022 aka sake fasalin manyan takardun naira, kowa ya tuna yadda kasuwannin dabbobi suka kasance a farkon 2023, ga saniya ga mai saye, babu tsabar kuɗi. A duk waɗannan, na birni mai rediyo da jarida da ɗan uwa a banki ya riga na daji ji.

Mu kuma nauyinmu ya ninka, don muna tsakanin hukuma biyu, kuɗi iri biyu, da harshen takarda biyu, Faransanci a nan, Ingilishi a can, kuma ba ɗaya daga ciki da uwa ta yi mana magana da shi. Hausawa sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami.

Don haka ga abin da za mu ɗauka daga labarin nan. Duk kuɗin da aka ce na hukuma ne, ka nemi rasit, ka duba ko adadin da aka rubuta shi ne wanda ka bayar. Lamba dai ɗaya ce a Faransanci da Ingilishi. Ka tambayi sunan kuɗin: na kasuwa ne, na likitan dabbobi ne, na duwan ne, ko lanho ne? Ka adana takardun wuri guda, cikin leda, kada ruwa ya taɓa su. Ka samu littafi, ko da ajami ne, ka rubuta abin da ka saya, abin da ka kashe a hanya, da abin da ka sayar. Ƙungiyoyin makiyaya da na ƴan kasuwa kuma su nemi jerin kuɗaɗen da doka ta amince da su a rubuce, a karanta wa mambobi da Hausa da Fulatanci da Zabarmanci.

Ga yaranmu da ke makaranta, ku ma da ku nake. Sylvia yarinya ce da ta ga uwarta ta yi asara ba ta san dalili ba, ta ce sai ta gano. Wannan aiki yana nan yana jiran mai yi a cikin harsunanmu, a rediyo ko a takarda. Wanda zai yi shi, ya karanta dokar da kansa har ƙarshe, ya faɗe ta yadda tsohuwa mai sayar da nono za ta gane, kuma in manya suka kira shi su ba shi kujera, ya tuna abin da ya faru a 1974.

Masu tambaya kan wata takarda da aka ba su ba su gane ta ba, su aiko mana, za mu nemi masana su warware a shiri na gaba. Allah ya ba da sa'ar kasuwa, ya ƙara wa dabbobi albarka, ya kai matafiya gida lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.